Abin da karatun tarihin tankokin Jamus ya koya mini

Cikin duk abin da na karanta a darasin tarihin yaƙi, labarin tankokin Jamus ne ya fi koya mini cewa na'ura ba ta wuce tsarin mutanen da ke riƙe da ita.

Yarjejeniyar Basai (Versailles) ta 1919, wadda aka ƙulla bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta haramta wa Jamus mallakar tanka. Sojojinta suka riƙa atisaye da motocin da aka lulluɓe da katako da tamfol, wasu hafsoshi kuma suka je koyo a asirce kusa da Kazan, a Tarayyar Sobiyet. Kafin ƙarfen ya zo hannunsu, sun riga sun yi shekaru suna tunanin yadda za su yi aiki da shi.

A Mayun 1940, lokacin da Jamus ta kai wa Faransa hari a Yaƙin Duniya na Biyu, Faransa da ƙawayenta sun fi Jamus yawan tankoki, kuma Char B1 ta Faransa ta fi kowace tankar Jamus kaurin sulke. Amma fa leƙa ciki ka gani. A yawancin tankokin Faransa, mutum ɗaya ne ke ba da umarni, shi ke ɗura harsashi, shi ke saiti ya harba. Panzer III ta Jamus kuwa mutum biyar ne a cikinta, kowa da aikinsa, kwamanda ba abin da ke gabansa sai duba fili. Ga kuma rediyo kusan a kowace tanka, abin da janar ɗin Jamus Heinz Guderian ya dage a kai, don shi tsohon hafsan sadarwa ne. Nan na fi daɗewa ina tunani, domin ko a wurin aiki, shugaban da ya tara wa kansa komai ba ya ganin abin da ke tahowa. Jamusawa sun tsallake kogin Meuse a Sedan, a Faransa, ranar 13 ga Mayu, ranar 20 suna bakin teku.

Da suka kai wa Rasha hari sai abin da suka raina ya ci su: nisa, taɓo, ƙarancin mai da kayan gyara. Yawancin sojojinsu ma a ƙafa suke, dawakai ne ke jan igwa da abinci. Tiger I ta Jamus da ake ta zuzutawa, wajen 1,350 kawai aka ƙera, alhali T-34 ta Sobiyet ta haura 50,000. A Kursk, a 1943, tankokin Panther na Jamus da dama sun lalace tun kafin su ga abokan gaba.

Ba na iya karanta wannan tarihi da sha'awa zalla, don ƙwarewar nan zalunci ta yi wa hidima. A Disambar 1944 dakarun Joachim Peiper, wani kwamandan tankokin Jamus, suka harbe fursunonin yaƙin Amurka 84 kusa da Malmedy, a Beljiyam. Bayan mako guda mai ya ƙare musu a La Gleize, suka watsar da tankokinsu, suka tsere da ƙafa cikin dare.