Alhamis, mun kwana a Kano

Tun asuba muka bar ƙauyenmu na wajen Ringim, ni da Yaya da matarsa da jinjirin da ko suna ba a yi ba. Ranar da aka haihu ungozoma ta ja ni gefe tace ita fa ta kasa cewa namiji ne ko mace, gaban kamar na maza amma ba 'ya'yan maraina. Inna tace a rufa asiri a raɗa sunan namiji kawai kar gari ya ɗauka ana cewa mata-maza. Ni wallahi ba sunan ne ya hana ni bacci ba, aman ne, duk nonon da aka sha sai ya dawo ga jiki yayi laushi.

A asibitin Malam Aminu Kano likitar yara ta zaunar damu, Allah ya saka mata, bata yi mana gaggawa ba. Tace a ƙa'ida ƙwayar halittar jikin mutum tana da kromosom 46, wato wasu ƙananan zaruruwa masu ɗauke da gadon halitta, rabi daga uwa rabi daga uba, biyu daga ciki su ne na jinsi, XX mace XY namiji. Ido baya gani sai an ɗebi jini an raini ƙwayoyin a lab an ƙirga, kariyotaip suke ce masa, kuma sakamakon sai an jira makonni. Wata yarinyar 45 gareta da X ɗaya, sai a ga bata tsawo kuma al'ada taƙi zuwa, wani yaron 47 ne XXY, shi sau da yawa sai yayi aure haihuwa ta gagara ake ganewa.

Amma tace a irin namu abinda aka fi samu ba ma kromosom ɗin ne da matsala ba, mace ce XX lafiya lau, wata 'yar halitta ce da ke saman ƙoda take kasa yin sinadarinta sai ta dinga zubo na maza tun a ciki. Haɗarin shine gishirin jiki yana zubewa ta fitsari, wajen sati na biyu jariri sai ya galabaice, wasu a haka ake rasa su a gida ana cewa iska ce. Nan jikina ya mutu. Gado ne ta ɓangaren uwa da uba duka, Yaya da matarsa kuwa 'ya'yan wa da ƙani ne, naga ta sunkuyar da kai sai likita tace Hajiya ba laifin kowa bane.

Sikanin ya nuna akwai mahaifa. An bamu gado, an sa ƙarin ruwa, an ɗebi jinin aka fara allura.

Da magariba Yaya ya kira Baba yace a ɗaga suna. Na zaci faɗa zai yi, sai cewa yayi ai malamai ma sun yi babin khunsa, wato mata-maza, a fiƙihu, ku tsaya a duba lafiyar tukuna. Gobe zan koma gida in ɗebo zannuwa da garin kunun mai jego, in kuma lallaɓa Inna.