Ɗaukar 'yar aiki a Saudiyya: inda iyalanmu suka fi tuntuɓe

Likita ko malamin jami'a da aiki ya kai shi Riyad ko Jidda, da zarar iyali sun iso, maganar 'yar aiki ke fara tasowa. Uwargida ba ta da ƙanwa ko maƙwabciyar da za ta riƙe mata yaro, gida kuma bene ne a rufe. Yawancin rigimar da ke biyo baya daga abu ɗaya take fitowa: mun saba da aikatau irin na gida, inda ake kawo yarinya daga ƙauye, babu lokacin tashi, kuɗinta kuma uwarta ko dillaliya ke karɓa. A can kwantiragi ne tsakaninka da baligar mace, hukuma na da kwafinsa.

Hanyar da doka ta sani ita ce Musaned, manhajar ma'aikatar ƙwadago. Baƙo mai igama, wato katin izinin zama, sai ya nuna albashin da ya kai riyal 10,000 a wata da ajiyar banki ta riyal 100,000 kafin a ba shi bizar farko, wadda kuɗinta riyal 2,000 ne. Sai kuɗin ofishin da zai kawo ta, wanda hukuma ta ƙayyade a farkon 2024: Habasha riyal 5,900, Yuganda 8,300, Kenya 9,000, Bangaladash 11,750, Filifin 14,700, ban da haraji. Akwai sharaɗin da ke ba mutanenmu mamaki: baƙo ba ya ɗauko 'yar ƙasarsu. Ɗan Najeriya ba zai kawo 'yar Najeriya ta wannan hanya ba.

Daga nan ne wasu ke zamewa su nemi 'yar takari, wato Bahaushiyar da ke zaune ba takardu. Ta iya tuƙa tuwo, tana jin yaren yara, ba kuɗin ofis. Jarabar tana da ƙarfi, amma lissafin bai fita ba. Idan aka kama, ita za a kai ta tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, kai kuma tara ce da ɗauri da kora, aikin da ya kawo ka ƙasar ya tafi. Ko ba a kama ba, ranar da ta kwanta rashin lafiya ba ka da asibitin da za ka kai ta hankali kwance. Wanda bai cika sharaɗin biza ba, akwai kamfanoni masu lasisi da ke turo ma'aikaciya na awoyi ko na wata. Sun fi tsada, amma su ne kafilanta, wato masu ɗauke da nauyinta a wajen hukuma.

Dokar masu aikin gida da ta fara aiki a Oktoban 2024 ba ta da wuyar haddacewa. Aiki kada ya wuce awa 10 a rana, kada kuma ta yi awa 5 a jere ba hutun rabin awa. Hutun yini guda cur kowane mako, da albashinsa. Hutun rashin lafiya har kwana 30 a shekara, rabin farko cikakken albashi, na biyu rabi. Hutun wata guda bayan shekara 2, da ladan albashin wata guda bayan shekara 4. Kwana 90 na farko na gwaji ne, a cikinsu kuma za ka yi mata gwajin asibiti ka fitar da igama. Fasfonta a hannunta zai zauna. Masu cewa “ajiye mata na yi kada ya ɓata” su saya mata akwati mai makulli su ba ta makullin.

Awa 10 ɗin nan ita ce ake karyawa ba tare da an lura ba. Ta tashi ƙarfe 5 don shirin makaranta, ta kwanta 11 bayan wanke-wanken baƙi, uwargida kuma na ganin ai da rana ba ta yi komai ba. Matar da ke zaune kunnenta na kan jariri ba hutawa take ba. Maganin shi ne a rubuta jadawali a manna a jikin firij: daga 1 zuwa 4 na rana tana ɗakinta, ba mai ƙwanƙwasawa. A watan azumi a sake rubuta shi, domin gidan da ke girkin buɗa-baki ya kuma yi na sahur ba zai ɗora duka biyun a kan mutum ɗaya ba.

Satin farko na koyarwa ne, ba na gwada ƙwazo ba. Da yawansu ba su taɓa kunna injin wanki ko murhun gas ba, kuma kunya ko tsoro kan sa su ce sun gane. A nuna da hannu, a sa ta maimaita. Abin da ya kamata a fara da shi shi ne banɗaki: kada a taɓa haɗa Clorox da Flash. Ɗaya bilic ne, ɗaya asid, idan suka haɗu iskar da ke tashi tana shaƙe mutum, banɗakunan can kuma galibi ba taga. A raba musu wurin ajiya. Goge taga daga waje a bene kuwa a hana shi gaba ɗaya. Shadda da leshi ma a nuna mata zafin dutsen guga da ya dace, tun kafin a yi asarar babbar riga a fara faɗa.

Abinci na ɓata zama fiye da yadda ake zato. Yajinmu da daddawa ba kowa ke iya ci ba, kuma mace na iya yin wata tana cin burodi da shayi ba ta faɗa ba. 'Yar Kenya ko Yuganda garin masara take so ta tuƙa nata, 'yar Bangaladash shinkafa da adas, wani irin ƙananan wake. 'Yar Habasha mai bin cocin Otodoks ba ta cin nama, ƙwai ko madara ranakun Laraba da Juma'a. A tambaye ta, a sa kayanta cikin cefanen wata. Idan ba Musulma ba ce, kada a ɗora mata azumi.

Batun albashi ya sauƙaƙa, tunda tun Yulin 2024 aka fara tilasta biya ta banki ko asusun waya da ke haɗe da Musaned. A biya a ƙarshen wata, cif. Al'adar “bari in tara miki sai za ki tafi” ta gida ce. Ita tana da 'ya'ya da kuɗin makaranta, sau da yawa da bashin da ta ci kafin ta taho. Albashin wata 3 ya taru, tana da damar neman a mayar da ita wani gidan ba da yardarka ba. Haka wayarta: wanda ya ƙwace ta don kada a “hure mata kunne”, shi ya fi kusa da wayar gari ya tarar ta gudu.

Yara su kira ta anti, kada su aike ta, kuma umarni ya fito daga bakin mutum ɗaya, uwargida. Idan zama ya ƙi, a kai ƙorafi ta Musaned a nemi sulhu, ko a biya ta haƙƙinta a saya mata tikiti a yi mata bizar fita ta Absher, manhajar ma'aikatar cikin gida. Rahoton gudu, wanda ake kira hurub, na wadda ta gudu ne da gaske. Shigar da shi don huce haushi laifi ne da ake cin tara a kansa.