Daren da na manta da ƙafa

Shekara 4 na yi ina aikin nas a ɗakin kulawa ta musamman a Saudiyya kafin in dawo gida Kaduna, kuma can na fara gadin na'urar da ake kira ECMO, mai taya zuciya da huhu aiki. Wadda aka ba ni mai jego ce, kwana 9 da yi mata tiyata. Gudan jini ya taso daga jijiyar ƙafarta ya je ya toshe babbar jijiyar huhu, ɓangaren dama na zuciya ya yi ta turawa har ya gaji, awon jininta ya faɗi warwas. Ga ɗinki ɗanye, likitoci suka ce ba za su yi kasadar allurar narkar da gudan ba.

Sai aka zura mata tiyo biyu a matsematsi, kowanne ya kai kaurin yatsa. Ɗaya na zuƙo jini baƙi-baƙi, famfo ya bi da shi ta wani ɗan akwati mai cire gurɓatacciyar iska ya zuba oksijin, ɗayan ya mayar da shi jawur, kusan lita 4 a minti. Na'urar ba ruwanta da gudan jinin. Hutu kawai take ba zuciya da huhu, maganin heparin na hana sabon guda taruwa, jiki na cin tsohon a hankali.

Ni kuwa na kafe allon lambobi da ido kamar mai kallon ƙwallo. Wajen ƙarfe 3 na dare shugabarmu ta yaye bargo ta ce in taɓa. Tafin ƙafar dama sanyi ƙalau, ya ɗashe: ashe tiyon da ke mayar da jini ya tare wa ƙafar hanya. Aka taso likita ya ƙara wani siriri mai kai jini ƙasa. Allah ya kiyaye, ƙafar ta dawo, ranar kwana 5 aka cire na'urar. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Inda nake aiki yanzu ba mu da wannan na'urar, sai tef ɗin awo a aljihu. Makon jiya aka kawo wata mai jego daga Tudun Wada, sha-raɓarta ta hagu ta fi ta dama da santimita 4, ga zafi. Uwar mijinta ta ce kumburin jego ne, wanka zai sauke shi.

Na ce, "Hajiya, ku yi haƙuri, na ƙafa ɗaya ba na wanka ba ne. Kada a matsa mata, hoto za a yi yanzu."