Yadda Muka Nemo wa Ɗana Mai Horar da Hannu a Kano

Ɗana yana da shekara 4 da wata 3 lokacin da malamar ajinsu ta tsayar da ni a ƙofar makaranta, ta nuna mini littafinsa, ta ce yana damƙe fensir da tafin hannu gaba ɗaya, kuma kafin ya gama layi biyu ya gaji ya fara kuka. Abin bai zo mini da mamaki ba, domin na daɗe ina ganin yadda tuwo yake zubewa daga yatsunsa idan ya zo yin loma, da yadda maɓallin riga yake gagararsa alhali sa'o'insa sun iya. Na riƙa kwantar da hankalina da maganar manya cewa kowane yaro da lokacinsa, kuma a gaskiya na fi jin sauƙin in sa masa kaya in ba shi abinci a baki da in zauna ina jiransa.

Likitan yara ya duba idanunsa da jinsa da tafiyarsa, ya tambaye ni ko ya yi shawara mai tsanani yana jariri ko ya jinkirta kuka bayan haihuwa, sannan ya tura mu sashen gashi. A can ne aka bayyana mini cewa masu gashi sun fi kula da ƙarfin gaɓoɓi da tafiya, amma riƙon fensir da sa tufafi da cin abinci fanni ne na wasu ƙwararru daban da ake kira masu okufeshonal terafi. Samunsu ya yi mana wuya, domin ba su da yawa a ƙasar nan, kuma sanannun wuraren horar da su, wato Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife da makarantar tarayya da ke Oshodi a Legas, duk suna Kudu. Sai da muka zagaya asibitoci uku cikin mako shida kafin muka dace da wata Malama a wani babban asibiti. Kafin nan wani mutum ya yi mana tayin zuwa gida a kan kuɗi mai yawa, amma da maigidana ya nemi ganin shaidar rajistarsa da hukumar MRTB, wadda ita ke ba irin waɗannan ma'aikata lasisi, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Ranar farko Malamar ba ta miƙa masa fensir ba sam. Ta sa shi rarrafe, ta sa shi tura bango, ta ba shi ƙananan duwatsun wasa ya tsinta, tana kallon kafaɗarsa da wuyan hannunsa. Ta ce mini, "Maman yaro, yatsu ba sa samun natsuwa sai kafaɗa da baya sun yi ƙarfi, saboda haka daga can za mu faro." Ta kuma lura da abin da mu muka rufe ido a kai, wato yaron bahago ne, mu kuwa kullum muna ƙwace fensir daga hagunsa muna mayar da shi dama. Wannan magana ta jawo doguwar shawara a gida, musamman da Hajiya kakarsa, har muka tsaya a kan cewa zai ci gaba da koyon ci da gaisuwa da dama kamar yadda tarbiyyarmu ta tanada, rubutu da zane kuma a bar masa hannun da ya fi masa sauƙi.

Sau ɗaya muke zuwa asibiti a mako biyu, sauran aikin duk a tsakar gida yake, minti 15 da safe da 15 da yamma. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne ba mu sayi wani kayan wasa mai tsada ba. Yana taya ni tsinkar zogale da ɓarar gyaɗa, yana cura dawo ranar da muka yi fura, yana matse soso daga kwano zuwa kwano, yana zura ƙwayoyin tsohon carbi a zare ina zaune kusa da shi don kada ya kai su baki ko hanci. Malamar ta sa na kakkarya kalar zanensa gajeru, domin guntu ba ya damƙuwa sai da yatsu uku, ta kuma sa muka manna takarda a bango yana zane a tsaye. Mafi wahala a gare ni shi ne riƙe hannuna idan yana fama da maɓalli. An koya mini in zura masa rabi, shi ya ƙarasa jawowa, daga baya in rage taimakon kaɗan kaɗan.

Wata na biyu ya zo mana da koma baya, domin zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi, ya tashi yana ƙin komai, sai muka rage aikin zuwa minti 5 muka sake hawa a hankali. Yanzu muna wata na bakwai. Almakashi har yau yana ba shi wuya, kuma shi ne abin da Malama ta sa mana a gaba a wannan zangon, amma ranar Juma'ar da ta wuce shi ya sa wa kansa maɓallai huɗu na kaftaninsa, mahaifinsa yana tsaye a zaure yana jiransa su tafi masallaci.