Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Amon Guduma a Ƙarƙashin Teku

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya inda kwamitin jami'a ya amince da batun bincikena, na zama cikakkiyar ɗalibar digiri na uku a Sikotilan. Yau zan faɗi ainihin aikin da na shiga, don har yanzu a Yelwan Yawuri akwai dangin da suka ɗauka injiniyar lantarki na je zama.

Ƙasashen da ke kewaye da Tekun Arewa sun daɗe da gane cewa iskar tsakiyar teku ta fi ta tudu ƙarfi, kuma ba ta cika yankewa ba. Denmak ce ta fara kafa tashar injinan iska a cikin ruwa, a Vindeby, a 1991, guda 11 kacal. Yau tashar Hornsea 2 da ke gabas da Ingila tana da inji 165, tana ba da megawat sama da 1,300. Madatsar Kainji da muke alfahari da ita, injinan megawat 760 aka kafa mata. Ba a ƙona gawayi, ba a ƙona gas, ba hayaƙi. Ni da na yi karatun sakandare da fitilar ƙwai, har gobe ina goyon bayan wannan wuta. Sai dai kafin fanka ta fara juyawa a sama, akwai abin da ake yi wa ƙasan ruwa, kuma nan ne aikina yake.

Kowane inji yana tsaye ne a kan turken ƙarfe da aka kafa cikin ƙasan teku. Wasu turke ɗaya ne ƙato, faɗinsa ya kai mita 8 ko fiye. Wasu, irin na tashar Beatrice da ke mashigin Moray mai inji 84, ƙafa huɗu gare su, kowace da turkenta. Da guduma ake shigar da su, gudumar inji mai nauyin ɗaruruwan tan, kuma turke ɗaya kan sha duka dubbai kafin ya zauna. A cikin ruwa sauti yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya, ya ninka gudunsa a iska fiye da sau huɗu, kuma yana nisa kafin ya mutu.

Dabbar da na zaɓa sunanta fofas. Mai shayarwa ce kamar ayu, tana fitowa ta shaƙi iska, tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba. Akwai su sama da 300,000 a Tekun Arewa, amma sai mutum ya wuni a jirgi bai ga ko ɗaya ba saboda tsananin kunyarsu. Ruwan can duhu gare shi, don haka da kunne take farauta. Tana fitar da ƙyas-ƙyas mai kaifi, wajen kilohaz 130, alhali kunnen ɗan Adam iyakarsa 20. Sautin ya bugi kifi ya dawo mata, ta san girmansa da inda ya dosa. Ga ƙaramin jiki, ga ruwan sanyi, dole ta yi ta ci dare da rana, har kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyinta a kullum. Duk abin da ya toshe mata kunne ko ya raba ta da wurin kiwonta, yunwa ya jawo mata.

Aikinmu shi ne sauraro. Muna da na'urori masu siffar gorar ruwa doguwa, a ɗaure su da nauyi a sauke ƙasan teku, wasu kusa da inda ake dukan turke, wasu nesa. Su yi watanni suna rubuta duk lokacin da fofas ya gitta, sannan mu koma mu ciro su, mu canja batir, mu kwashe bayanai. Fita tekun ba daɗi, ga amai ga sanyin da ke ratsa safar hannu, amma wannan ɗan kaɗan ne. Yawancin rayuwar mai digiri na uku a gaban kwamfuta take ƙarewa.

Tun kafin in zo an riga an san abubuwa da dama. A tashoshin Horns Rev na Denmak an ga fofas suna raguwa har nisan kilomita 20 daga inda ake duka. Jamus ta sa doka cewa ƙarar kada ta wuce desibel 160 a nisan mita 750, abin da ya tilasta wa kamfanoni amfani da labulen kumfa: a shimfiɗa tiyo mai huda-huda a kewaye turken, a hura iska, kumfar da ke tasowa ta shanye wani ɓangare na ƙarar. Ana kuma fara dukan a hankali don dabbobi su samu su kauce. Tambayar da kowa ke bi ita ce nisa: kilomita nawa suke gudu? Ni ma a kanta na gina shekarata ta farko.

A ƙarshen shekarar na zo gida hutu. Lokacin sanyi ne, baƙin ruwa ya iso, wato ambaliyar Neja ta biyu, wadda ke tasowa daga tsaunukan Gini, ta daɗe tana ratsa fadamun Mali, ta iso mana da laka ta riga ta kwanta. Na je gaida Kawu, yayan mahaifiyata, na same shi a bakin ruwa yana gyaran kalli. Mu Sarkawa ne, su muka gada kaka da kakanni, kuma Kawu yana saurayi aka rufe madatsar Kainji a 1968. Ya ga tsibirai sun nutse, Foge da sauransu, ya ga an kwashe Gungawa daga gungunansu zuwa tudu, cikin mutum sama da 40,000 da tafkin ya tayar.

Bayan gaisuwa ya ce, "To ɗiyata, mi kike yi can ƙasar Turawa?"

Na yi masa bayani iyakar iyawata, har na kunna masa a waya amon gudumar kamar yadda ake jinsa a cikin ruwa. Ya kara wayar a kunne, ya yi shiru har ta ƙare. Bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce ai su ma da ƙara suke kora kifi, a bugi ruwa da sanda ko a bugi gefen jirgi, kifi ya ruga ya faɗa raga. Sannan ya ce, "Gudu ba komai ba ne, kowane kifi yana gudu. Abin tambaya, yaushe yaka dawowa? In ya dawo, yana ci ko tsaye yake? Kifin da ya firgita ko ya ga koto ba ya taɓawa."

Na ce, "Kawu, ai an auna dawowar a wasu wurare, kwana ɗaya zuwa uku."

Ya ce, "An auna cin?"

Daga nan ya shiga labarin tafkin. Shekarun farko bayan rufe madatsa kifi ya yi yawa, faliya har ta rasa mai saye, masunta suka yi ta kwararowa daga ko'ina. Wanda ya zo a lokacin zai rantse madatsa alheri ce zalla ga masu su. Bayan 'yan shekaru kamun ya ja baya, wasu kifayen da ke son ruwa mai gudu suka yi ƙaranci, wasu suka maye gurbinsu. A ganinsa ba a yanke wa ruwa hukunci da shekara biyu ko uku.

Maganar nan ta dame ni, don ta faɗa daidai kan wani abu da ke rikita masana a can. A tashar Nysted ta Denmak, fofas sun ragu ƙwarai lokacin gini, kuma shekaru suka yi ta wucewa ba su koma yawansu na da ba. A tashar Egmond aan Zee ta Holan kuwa, bayan an gama gini an fi jin su a cikin tashar fiye da wajenta. Dabba ɗaya, inji iri ɗaya, sakamako biyu. Wani ɓangare na bayanin shi ne turakun da duwatsun da ake zubawa a gindinsu suna zama gida. Ƙwaruruwan ruwa masu ɓawo su manne, ƙaguwa ta zo, ƙananan kifaye su taru, manya su biyo su. An ma taɓa bin sawun karnukan ruwa da na'urar GPS aka ga suna bin injinan ɗaya bayan ɗaya suna kiwo. Sannan a Holan da Beljiyam da Jamus an hana jiragen da ke jan raga a ƙasan teku shiga tashoshin. Da na faɗa wa Kawu wannan sai ya yi dariya ya ce ashe Turawa ma sun yi Matan Fada, yana nufin yadda ake hana su a kogin Argungu har sai ranar biki, shi ya sa ake ciro giwan ruwan da sai maza sun taru kafin su ɗaga.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙarshen labarin mai daɗi ne ga kowa. Akwai tsuntsun nutso mai jan wuya da ke ƙaurace wa tashoshin Jamus da nisan fiye da kilomita 10, wurin kiwonsa ya tafi ke nan. Akwai tsuntsayen da fanka ke bugewa. Akwai masuntan da aka ce su kwashe komatsansu daga inda iyayensu suka yi su, kuma ɗiyar Sarkawa ba ta bukatar a yi mata bayanin zafin wannan. Abin da na yi imani da shi shi ne a gina, amma a zaɓi wurin, a zaɓi watan, a kashe kuɗin rage ƙara ko da kamfani zai yi ƙorafi, a kuma ci gaba da sauraron ruwan shekaru bayan 'yan kwangila sun tafi. Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, daga Badagiri zuwa Kuros Riba, cike da masunta. Duk ranar da aka fara maganar kafa irin waɗannan injina a can, ina so a ce akwai namu da suka san tambayoyin da ake yi kafin a buga turken farko.

Tambayar Kawu tana da hanyar amsawa. Idan fofas ya kusa cafke kifi, ƙyas-ƙyas ɗinsa yakan matse ya yi sauri, ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya, har ya zama kamar zuza. Na'urorinmu suna kama tazarar da ke tsakanin kowane sauti da na bayansa, don haka ana iya bambance wanda ke wucewa kawai da wanda ke farauta. Wasu masu bincike sun riga sun fara bin wannan hanya, amma ba ita ce ginshiƙin aikina ba a lokacin. A ɗakin Inna, da dare, janareton maƙwabta yana ruri, na rubuta wa malamar da ke duba aikina cewa ina so babi na biyu da na uku su koma kan ci: bayan an daina duka, sai yaushe farauta ke komawa yadda take, kuma zirga-zirgar jiragen aiki, wadda ke farawa tun kafin guduma, nawa ne nata kason a ciki. Ta amsa washegari cewa ta yarda, amma in sani wannan zai sa in sake tace bayanan shekara guda tun daga tushe, kuma kuɗin tallafina ba zai ƙaru ba.

Na koma a watan Janairu, lokacin da rana ke faɗuwa a can tun wajen ƙarfe huɗu na yamma, da ƙullin busasshen kifi da Inna ta cusa mini a jaka, wanda dole na bari a filin jirgi. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin zamana da masuntan Peterhead, da yadda wata tsohuwa mai sayar da ƙaguwa ta ƙi yi mini magana har sai da ta ji sana'ar gidanmu.