Rasit ɗin da bai isa Kawo ba

Ranar Litinin ta farkon zangon karatu, wajen bakwai da rabi na safe, shugabar wata makaranta mai zaman kanta a Malali, cikin Kaduna, ta kira ni. Ni na rubuta musu manhajar biyan kuɗin makaranta: uba ya biya ta waya, rasit ya faɗa akwatin imel ɗinsa, yaro ya nuna a ƙofa. Ta ce, "Malam, ga wani bawan Allah daga Kawo, ya ce tun Juma'a ya biya, rasit bai zo ba, mai gadi kuma ya tsayar da yaronsa." Sai ta miƙa masa wayar. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ɗana, ni dai an cire kuɗin. Ga yaro nan a tsaye, abokansa suna wucewa suna kallonsa."

Na buɗe kwamfuta jikina na rawa. A gaban sunansa manhajata ta rubuta "an aika". Iyakar abin da na sani ke nan.

Ƙannena masu koyon rubuta manhaja, kusan kullum sai ɗayanku ya tambaye ni wane kamfanin aika imel ne ya fi araha. Ni ma da tambayar nan na fara, ita ce kuma ta kai ni ga waccan safiyar. Saƙon da manhaja ke aikawa da kanta, kamar rasit, lambar tabbatarwa ko hanyar sauya kalmar sirri, ba talla ba ne. Akwai mutum a zaune da waya a hannu yana jiransa. Saboda haka tambayar farko ita ce: in saƙon bai isa ba, zan sani? Da wace hanya, kuma cikin minti nawa?

Laifin ranar nan nawa ne ni kaɗai. Na haɗa manhajar da akwatin imel ɗina na yau da kullum ta SMTP, wato hanyar da manhaja ke bi ta tura imel, don kada na kashe ko sisi. Irin waɗannan akwatuna suna da iyaka. Na Gmail na kyauta saƙo 500 ne a rana, kuma a fili suka rubuta hakan, ni ne ban karanta ba. Ranar Juma'ar na tura wa iyaye gaba ɗaya takardar komawa makaranta ta wannan akwatin, kason ranar ya ƙare, duk rasit ɗin da ya biyo baya aka ƙi karɓarsa. Manhajata kuwa na rubuta ta ne ta sa "an aika" tun kafin ta saurari amsar da aka ba ta. Ɗan aike ya dawo da saƙo a hannu, ni kuma na riga na shaida wa mutane ya isar.

Daga nan na koma wani kamfanin aika saƙo na gaske, na ɗauka an gama. Bayan mako biyu iyaye suka fara cewa rasit yana zuwa, amma a akwatin tarkace (spam) suke tsintarsa, waɗanda ma suka san da akwatin ke nan. A nan nake so ku tsaya ku natsu, don yawancinmu a nan muke faɗuwa, sai mu ɗora wa kamfani laifi mu sake wani, matsalar ta bi mu.

Akwatin mai karɓa ba ya yarda da sunan da ke saman wasiƙa haka kawai. Yana zuwa ya duba DNS, wato rajistar intanet da ke ɗauke da bayanan domen ɗinka (sunan da ke bayan alamar @ a adireshinka), yana neman abu uku. SPF jerin waɗanda ka yarda su yi aike da sunanka ne. DKIM hatimi ne da ake buga wa kowane saƙo, mai karɓa ya gwada shi da mabuɗin da ka ajiye a DNS. In an taɓa saƙon a hanya, hatimin ba zai dace ba. DMARC kuma umarninka ne game da saƙon da ya zo da sunanka amma ya kasa waɗancan biyun: a bar shi, a killace shi, ko a mayar da shi. Ni ban sa DKIM ba sam. SPF kuwa guda biyu na rubuta, ɗaya na akwatin makarantar, ɗaya na sabon kamfanin, alhali ƙa'ida guda ɗaya tak ake so, a haɗa kowa a cikinsa, kuma binciken DNS da yake jawowa kada ya wuce 10. SPF biyun nan da na rubuta sun rushe juna. Tun watan Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka ƙara tsaurara wannan: kowane mai aikawa sai ya kasance da SPF ko DKIM, wanda kuma ke tura wa masu Gmail saƙo 5,000 a rana sai ya cika ukun. Kada ka ce ai naka bai kai haka ba. Aikin rabin awa ne, ka yi shi ranar farko.

Kuskure na uku ya fi ɓoyuwa. Makarantar ta so a riƙa tura sanarwar darasin hutu da bikin yaye ɗalibai, na tura su ta adireshin da rasit ke bi. Wasu iyayen da yaransu suka bar makarantar tuni suka riƙa danna "tarkace". Google na so irin wannan ƙorafi ya tsaya ƙasa da kashi 0.3 cikin ɗari, wato mutum uku cikin dubu sun isa su ɓata maka suna. Wake ɗaya ke ɓata gari: sanarwar biki ta jawo wa rasit baƙin jini. Yanzu rasit da lambobin sirri suna da ƙaramin domen nasu, sanarwa tana da nata, ba sa haɗa hanya.

To, kamfanonin fa? Amazon SES ne mafi araha da nisa, santi 10 na dala kan saƙo dubu. Amma fili ya ba ka, ba gida ba. Sabon asusu yana farawa a killace: saƙo 200 a awa 24, kuma ga adireshin da ka tabbatar kaɗai, sai ka rubuta musu bayanin aikinka sun buɗe maka. Kada ka bar wannan sai daren da za ka miƙa aiki. Lura da saƙonnin da suka dawo ma kai za ka haɗa, kuma in suka kai kashi 5 cikin ɗari za a sa asusunka a bincike, a kashi 10 ana iya tsayar da kai. Wanda ya saba da AWS, wato ayyukan intanet na Amazon, kuma saƙonsa ke da yawa, nan ne wurinsa. Mai aikinsa na farko, ba na tura shi can.

Postmark ya fi tsada, sai dai an gina shi ne don irin wannan saƙo. Ya raba hanyar saƙon aiki da ta sanarwa tun daga tushe, kuma yana ajiye tarihin kowane saƙo kwana 45, ka ga lokacin da ya fita da amsar da akwatin mai karɓa ya bayar. Da ina da wannan a safiyar Litinin ɗin can, da kafin uban ya gama magana na ba shi amsa. SendGrid, wanda Twilio ya saya a 2019, da Mailgun tsofaffin hannu ne, kusan duk harshen manhajar da kake amfani da shi za ka samu an riga an share maka hanya zuwa gare su. Brevo na Faransa, wanda ake kira Sendinblue kafin 2023, yana ba da saƙo 300 kyauta a rana, ya wadaci ƙaramin shago. Resend sabo ne, masu aiki da React, wani kayan rubuta fuskar manhaja, suna jin daɗinsa. Kyauta dai kada ka gina gida a kanta: a 2016 Mandrill, wani mai aika irin wannan saƙo, ya koma ƙarin kaya a kan asusun Mailchimp na kuɗi, masu manhaja da yawa suka tashi neman wurin komawa cikin gaggawa.

Akwai abin da jadawalin farashin Turawa ba zai gaya maka ba, wato da me za ka biya. Duk waɗannan da kuɗin waje ake biyansu. A 2022 bankunanmu suka rage abin da katin naira zai kashe a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka rufe gaba ɗaya. Dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ni na yi wa makarantar farashi da naira na shekara guda, asusun kuma da katina. Wata rana kati ya ƙi, aka dakatar da aikawa, sai wajen wani abokina a Barnawa mai katin dala na samu mafita. Ka buɗe asusun da sunan mai aikin, ka rubuta a yarjejeniya cewa kuɗin aika saƙo nasa ne kuma yana bin dala.

Yau kafin na zaɓi kamfani, kwana ɗaya nake warewa. Na buɗe asusun gwaji a biyu ko uku, na cika bayanan DNS, na tura rasit iri ɗaya zuwa Gmail, Yahoo da Outlook, ina kallon agogo, domin lambar da za ta mutu cikin minti biyar ba ta da amfani in ta iso a na bakwai. Sannan da gangan na tura zuwa adireshin da babu shi, na ga ko kamfanin zai bugo wa manhajata ya shaida mata. Wannan gwajin ya fi sauran muhimmanci a wurinmu, don yawancin iyaye a shagon intanet aka buɗe musu imel, a fom sai ka ga harafi ya faɗi ko an juya biyu. Aikawar kanta kuma wuri ɗaya nake tara ta a cikin manhaja, yadda in ta kama a sauya kamfani, fayil guda zan taɓa.

A makarantar Malali yanzu, allon mai karɓar kuɗi yana nuna ɗayan uku a gaban kowane suna: yana hanya, ya isa, ko ya dawo. In ya dawo, layin yana yin ja, ta kira uban ta gyara adireshin. Rasit ɗin ma yana nan cikin manhajar, mai gadi zai iya duba shi da lambar ɗalibi ko imel bai zo ba. Uban nan na Kawo, da yammacin ranar na je har gidansa na ba shi haƙuri, na kai masa rasit ɗin a takarda.