Godiya ga waɗanda suka tayar mana da injin yankan ciyawar maƙabarta

Assalamu alaikum. A madadin kwamitin matasa masu kula da maƙabartar unguwarmu, ina miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu har injinmu ya dawo aiki.

Makonni uku da suka wuce, ana tsakiyar gayya, injin ya yi wata irin ƙara ya tsaya, igiyar ma ta ƙi jawuwa. Ashe zallan fetur aka zuba masa, aka manta da man 2T da ake gauraya wa fetur, shi kuwa irin wanda ake ratayawa a kafaɗa ne, ba shi da wurin baƙin mai daban, daga cikin fetur yake samun maiƙonsa. Ga damina ta yi nisa, ciyawa ta rufe kaburbura, masu ziyara suna tsoron macizai. Hankalinmu ya tashi ƙwarai.

Babbar godiyarmu ga Baba mai gyaran janareta na bakin kasuwa. Ya shimfiɗa buhu, ya kwance injin ɗaya bayan ɗaya, kowane noti yana jefa shi cikin gwangwanin madara don kada ya ɓata. Da ya zaro fistin sai ya kama yatsana ya goga a cikin silinda, na ji kurjin da kaina. Ya ce, "Ɗana, ringi kaɗai ba zai yi ba, kada ku yi asarar kuɗinku sau biyu." Ya canza silinda da fistin da ringi, ya wanke kafireta, ya sa sabon fulogi, soson tace iska ma sai da ya wanke ya shanya. Da muka zo biyan kuɗin aiki ya ƙi karɓa, ya ce iyayensa duka biyu a can suke kwance. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Yaron shagonsa sau biyu yana zuwa Panteka, kasuwar kayan gyara, don fistin na farko bai yi daidai ba. Allah ya yi masa albarka. Haka iyayenmu da suka haɗa kuɗin kaya bayan sallar Juma'a, da iyayenmu mata da suka aiko da kunu, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan magabatanmu.

Baba ya rubuta mana awon a jikin jarka: mililita 40 na 2T a kowace lita ɗaya ta fetur. Ya kuma ce a lallaɓa shi a tankin farko, kada a matse masa wuta. Gayya tana nan ranar Asabar bayan sallar asuba, mai lauje ko manjagara ya taho da abinsa.